Wa ke tantance jami'o'inmu, kuma me yake gani in ya zo?

Baban Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman haske daga malaman jami'a da ke cikin zauren nan. 'Yata na son karanta aikin lauya, makinta na JAMB ya yi kyau, amma gurbi a jami'ar gwamnati ya gagara. Muna duba wasu jami'o'i biyu masu zaman kansu. Ɗaya ta rubuta a tallarta cewa NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da ita, ɗayar kuma ta ce tana cikin goman farko a Najeriya a wani jadawali na duniya. Kuɗin da za a biya ba na wasa ba ne. Wace magana ce ta fi nauyi a cikin biyun? Kuma wa ke auna jami'o'in nan, da wane ma'auni?

Malamin Kemistiri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ta farkon ce ta shafe ka kai tsaye, amma ita ma sai an warware ta. Jami'a na iya cewa NUC ta amince da ita, ta faɗi gaskiya, kuma yarinya ta shiga matsala. Lasisin buɗe jami'a daban, amincewa da kwas daban. Za ka samu lasisin jami'a garau, alhali kwas ɗin da 'yarka za ta karanta ba a taɓa tantance shi ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Kafin a fara kowane kwas sai jami'a ta nemi izini, hukumar ta turo mutane su ga ko akwai malamai da azuzuwa da kayan da za a fara da su. In an ba da izini aka ɗebi ɗalibai, sai rukunin farko sun kai aji uku sannan a zo tantancewa ta sosai. Sashen zai cike wani kundi na bayanin kansa, a turo farfesoshin fannin daga wasu jami'o'i tare da jami'in hukumar, su yi 'yan kwanaki. Suna duba manhaja, da takardun jarrabawa da yadda aka ba da maki, da rahoton mai duba jarrabawa na waje, da fayil ɗin kowane malami, da ɗakunan gwaji, da laburare, har banɗaki ba sa bari.

Wanda ya samu maki 70 cikin ɗari zuwa sama, kuma ya kai 70 ɗin a kowanne daga manyan ɓangarori huɗu, wato abin da ake koyarwa, malamai, gine-gine da kayan aiki, da laburare, shi ke da cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Daga 60 zuwa 69 amincewar wucin gadi ce, bayan shekara 2 a dawo. Ƙasa da 60 kuwa an faɗi, dole a daina ɗibar sababbin ɗalibai a kwas ɗin. Sakamakon yana shafin NUC na intanet, kwas-kwas, jami'a-jami'a. Can za ka fara dubawa, ba allon talla ba.

Barista Ummu Hani:
Baba, tunda lauya take so, NUC rabin magana ce. Akwai Majalisar Ilimin Shari'a, wadda Makarantar Horas da Lauyoyi ke ƙarƙashinta. Ita ma tana tata tantancewar, kuma tana yanka wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗiba a shekara. Tsangayar da aka ba 50 ta ɗebi 150, in sun gama 50 ɗin kawai za a karɓa a makarantar lauyoyi, sauran su bi layi. Na san waɗanda muka gama digiri tare, suka zauna gida suna jiran gurbi shekara da shekaru, ga digiri a hannu amma ba damar tsayawa gaban alƙali. A watan Janairun 2025 JAMB ta dakatar da ɗibar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas bayan matakin da majalisar ta ɗauka a kansu, kuma ba duka ba ne masu zaman kansu.

Ka je ofishin shugaban tsangayar da ƙafarka, ka yi tambaya uku. Nawa ne adadin da aka yanka muku? Nawa kuka ɗiba bara? Akwai waɗanda suka gama suna jiran tafiya makarantar lauyoyi? In suka fara kewaye-kewaye, ka samu amsarka. Sannan ka tabbata gurbin ya fito ta tsarin JAMB, ta karɓa a can da kanta, domin wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba ya tafiya hidimar ƙasa.

Maman 'Yan Biyu:
Haka yake a likitanci da aikin jinya. Majalisar likitoci, MDCN, tana da nata adadin, kuma tana yi wa kowane ɗalibi rajista da lamba tun yana makaranta. Wanda aka ɗiba sama da adadi ba shi da lamba. Iyaye da yawa ba sa sanin wannan sai yaro ya kai aji huɗu.

Injiniya na Tudun Wada:
Mu ma COREN, majalisar kula da aikin injiniya, ke zuwa ban da NUC. Kuma kada a manta NUC jami'o'i kawai take dubawa. Kwalejojin fasaha suna hannun NBTE da ke nan Kaduna, kwalejojin ilimi kuma NCCE.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Malam ya faɗi yadda abin yake a takarda, kuma daidai ya faɗa. Ni bari in faɗi yadda na gan shi da idona, ba zan ambaci jami'a ba.

Ana saura mako biyu baƙi su zo, aka turo mota cike da kaya daga wata makaranta: madubin ganin ƙwayoyin cuta, ma'aunin awo mai lantarki, injin juya jini. Mu aka sa muka ɓamɓare takardar lambar da ke jikinsu, muka manna tamu, muka shigar da su littafin kaya da kwanan wata na baya. Wasu na'urorin ko filoginsu bai dace da soket ɗinmu ba, aka dai goge su aka jera. An yi fenti, warinsa bai gama fita ba baƙin suka iso. A ƙofofin ofisoshi aka kafa allunan suna na malaman da ban taɓa gani ba, suka zo da manyan riguna suka zauna kwana biyu, kowa da fayil ɗinsa da takardar ɗaukar aiki. A laburare an jera sababbin littattafai da wani mai shago ya bayar aro, ko ledarsu ba a ɓare ba.

Baƙin na tafiya, motar ta dawo ta kwashe kayanta. Mako na gaba na koma koya wa yara sama da ɗari gwaji da madubi huɗu, biyu daga ciki ba sa aiki. Kwas ɗin ya samu cikakkiyar amincewa. Abin da ya fi ci mini rai, ɗaliban da aka zaɓa su gana da baƙin sai da aka karanta musu abin da za su faɗa, kuma yaran sun san ƙarya aka sa su yi. Wannan darasin sun ɗauke shi fiye da duk abin da muka koya musu.

Kwamared:
Allah ya saka da alheri, Baba. Wannan ba sabon labari ba ne ga duk wanda ya koyar a jami'a. Kuma gwamnati da kanta ta san shi. A 2012 ta kafa kwamitin duba buƙatun jami'o'in gwamnati ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, lokacin yana shugaban TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Rahoton ya nuna kusan kashi 43 cikin ɗari ne kawai na malamai ke da digiri na uku, ya nuna ɗakunan gwajin da ake kunna risho a madadin wutar gas, da ɗalibai na ɗaukar lacca a tsaye. Tambayata ita ce, waɗannan kwasa-kwasan ba su ne aka bi aka tantance ba? Ta yaya kwamiti ɗaya ya ga risho, wani kwamitin ya ba da maki 70?

Farfesa Mai Ritaya:
Na karanta abin da ɗan'uwana na ɗakin gwaji ya rubuta, kuma ba zan ƙaryata shi ba, domin na yi aikin tantancewar nan a jami'o'i da dama a kudu da arewa. Amma ina so a yi wa tsarin adalci.

Ku tuna inda aka fito. An kafa NUC a 1962 a matsayin ofishin ba da shawara, ta zama hukuma mai doka a 1974, Farfesa Jibril Aminu ya riƙe ta. Sai dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin mizani. An rubuta mizanin a 1989, aka yi tantancewar farko a farkon shekarun 1990. Kafin nan kowace jami'a ita ke yi wa kanta hukunci. Hakan ya yiwu lokacin da jami'o'in ba su da yawa kuma kowa ya san kowa. Daga 1999 da aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi, yau ana maganar jami'o'i kusan 300. Ba yadda za a yi a bar wannan adadi ba mai leƙawa.

Na biyu, mai tantancewa da ya san aikinsa ba a cika rufe masa ido ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Ni in na shiga ɗakin gwaji ba na kallon na'ura, ma'aikacin nake cewa ya kunna ta ya gwada mini. In bai san inda makunnin yake ba, magana ta ƙare. Ina neman littafin da ake rubuta wanda ya yi amfani da ita da ranar da ya yi. Ina ɗaukar littafin gwajin ɗalibi na aji biyu in ga ko ya taɓa yin gwajin da ke buƙatar na'urar. Malami kuwa, takardar ɗaukar aiki ba ta ishe ni ba, sai na ga takardar albashinsa ta watannin baya, da sunansa a jadawalin lacca, da rubutun hannunsa a takardun jarrabawar da ya yi wa maki. Na taɓa tarar da mutum ɗaya a jami'o'i biyu cikin wata guda, kowacce ta rubuta shi a matsayin cikakken ma'aikacinta, na kuma rubuta hakan a rahoto.

Na uku, kuma wannan shi ne abin da masu suka ba sa faɗa. A jami'o'in gwamnati da yawa, lokacin tantancewa ne kaɗai shugaban sashe ke shiga ofishin shugaban jami'a da jerin buƙatu ya fito da kuɗi. Ba duk abin da ake kawowa ba ne na aro. Wani abin saye ake yi, kuma yana zama. An ɗauki malamai, an rufa azuzuwa, an sayi janareta saboda tsoron faɗuwa. A cire tsoron nan, wallahi ko wannan ɗin ba za a samu ba.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Da duk masu zuwa irinka ne da ban yi rubutun nan ba. Waɗanda suka zo mana ba wanda ya ce in kunna komai. Sun zaga, sun ƙirga, sun rubuta. Kuma ranka ya daɗe, wanda ka zo dubawa yau shi ne zai je duba naka sashen baɗi. Kowa ya san haka, kuma yana sa hannu ya yi sanyi.

Farfesa Mai Ritaya:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ne raunin duk tsarin da abokan aiki ke duba juna. Sai dai ba wanda zai iya auna sashen kemistiri in ba masanin kemistiri ba. Maganin shi ne a sauya yadda ake zuwa, ba a daina zuwa ba.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Ina neman afuwar iyayena, ni ɗaliba ce, amma abin a kanmu yake ƙarewa. Malaminmu ya ce a ƙa'ida malami ɗaya ɗalibi 30 ne a fannonin zamantakewa da adabi da shari'a, 20 a kimiyya, 15 a injiniyanci, 10 a likitanci. Mu a ajinmu in ba ka zo da sassafe ba, a bakin taga za ka tsaya, ko muryar malamin ba ka ji. Kwas ɗinmu yana da cikakkiyar amincewa. Kuma ban taɓa jin an tambayi waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce ko sun iya aikin da aka ce an koya musu ba. Ana ƙirga kujeru da littattafai, mu da muke zaune a kan kujerun ba a gwada mu.

Malamin Kemistiri:
'Yata, kin taɓo inda yake ciwo. Akwai ɗan maki da aka ware wa ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata game da ɗaliban da aka yaye, amma ƙanƙane ne idan aka kwatanta da na malamai da gine-gine, kuma sashen ne da kansa ke tattaro wasiƙun yabon. Lissafin ɗalibai kuma akan yi shi ne da 'yan sashen kawai, alhali malamin da aka rubuta yana da ɗalibi 20 yana koyar da ɗaruruwa daga wasu sassan da ke ɗaukar kwas ɗinsa. A takarda lissafi ya fita, a aji kuwa ke kika san abin da kike gani.

Baban Sumayya:
Na gode ƙwarai, na rubuta tambayoyin Barista. To maganar jadawalin duniya fa, a watsar da ita ke nan?

Ɗan Kano a Ingila:
Alhaji, ka tambaye su wane jadawali ne, na wace shekara. Yawancin masu tallar nan Webometrics suke nufi, wanda wata cibiyar bincike a Sifaniya ta fara fitarwa a 2004. Rabin makinsa yana fitowa ne daga yawan shafukan intanet na waje da ke nuni zuwa shafin jami'ar. Bai san ko akwai malami a aji ba. Akwai ma wasu shafukan da ba su kai shi ba, su tattara abin da suka samu a intanet su jera.

Manyan da ake ji da su uku ne. Na Shanghai, wanda ya fara a 2003, yana ƙirga masu lambar Nobel da ta Fields, wato ta lissafi, da maƙalun da suka fito a mujallun Nature da Science, don haka da wuya jami'ar da ba ta da tarin dukiya ta leƙa shi. Na QS kaso mafi girma na makinsa ra'ayin malamai ne da masu ɗaukar aiki, wato suna. Na Times Higher Education kuwa ba ya ma saka jami'a a babban jadawalinsa sai ta wallafa maƙala 1,000 cikin shekara biyar a mujallun da rumbun Scopus ya sani.

Ga misalin da ya kamata ya sa mu yi hattara. A jadawalin Times na 2023, Ibadan da Legas suna rukunin 401 zuwa 500 a duniya. A na 2024 aka sauya ma'aunin, musamman yadda ake lissafa ambaton maƙalu, sai Ibadan ta koma rukunin 801 zuwa 1,000. Malaman su ne, ɗakunan su ne, ba abin da ya rushe cikin wata goma sha biyu. Ma'auni ne ya motsa.

Kuma alƙaluma da yawa jami'o'in ne ke bayarwa da kansu. A Amurka, a 2022, wani farfesan lissafi na jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya nuna alƙaluman da jami'arsa ta miƙa wa jadawalin US News ba daidai ba ne. Jami'ar ta amsa, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. A ƙarshen shekarar makarantun lauyoyi na Yale da Harvard suka daina ba jadawalin haɗin kai. Utrecht ta ƙasar Holan ta janye daga na Times a 2023, Zurich ta bi ta a 2024. Ba mu kaɗai ke kwalliya don baƙi ba.

Kwamared:
Ƙari a kan haka, malamin da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin waƙoƙin baka ko rubuce-rubucen ajami a Bayero ko Usmanu Danfodiyo ko Ahmadu Bello, yana wallafawa da Hausa ko Larabci, galibin aikinsa Scopus bai san da shi ba. A idon jadawalin kamar bai yi komai ba. Shi ya sa matasan malamai ke guje wa rubutu da harshen gida, wasu kuma na biyan daloli ga mujallun bogi don a ƙirga musu.

Ɗan Kano a Ingila:
Haka ne Kwamared, amma kada mu ce ba shi da amfani sam. Shigar Bayero da Ahmadu Bello jadawalin Times ta nuna ana bincike a can da duniya ke karantawa, kuma ɗalibin da ke neman tallafin karatu a waje yana cin moriyar hakan. Abin da nake cewa kawai, jadawali yana magana ne a kan binciken jami'a gaba ɗayanta. Ba ya gaya wa Alhaji ko tsangayar lauya ta wuce adadinta. Wanda ke neman digirin farko, amincewar kwas ce ke yanke masa hukunci.

Malam na Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. A wajenmu Nijar akwai wani abu da ya bambanta. Ban da izinin da gwamnati ke ba makaranta, akwai CAMES, majalisar da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa a Yamai a 1968, mazauninta na Wagadugu. Malamin jami'ar Abdou Moumouni ko André Salifou ta nan Damagaram da ke neman ƙarin girma, takardunsa fita suke yi, malaman wasu ƙasashe su duba su. A likitanci da shari'a da tattalin arziki ma gasa ake zama gaban alƙalai daga ƙasashe daban-daban. Wannan yana rage sanayya, domin mai duba ka ba lallai ya taɓa jin sunanka ba. Tana kuma da shirin amincewa da digirori, amma makaranta ce ke kai kanta, kuma digiri-digiri ake yi. Don haka mu ma iyaye na ruɗewa: makaranta ta ce CAMES ta san ta, alhali digiri biyu ne cikin goma aka amince da su.

Maman 'Yan Biyu:
To ai Benin da Togo ma suna cikin majalisar nan, Malam, ga abin da ya faru. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa shiga aji ba, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar digirorin ƙasashen biyu. Daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ke yawo da kwalin bogi daga can, kuma jami'o'i takwas kaɗai aka amince da su, biyar a Benin, uku a Togo. Abin tausayin, akwai yaran da suka je da gaske, iyayensu suka sayar da kadara, suka zauna shekara uku ko huɗu suna karatu a makarantar da ba ta cikin jerin. Su ma ruwan ya cinye su. Da an wallafa jerin nan tun farko a inda kowa zai gani, da yawa ba su je ba.

Malam na Damagaram:
Gaskiya ne Hajiya. Kasancewar ƙasa cikin majalisar ba ya wanke kowace makaranta da ke cikinta. Sai an bi digirin an duba.

Kwamared:
Ni damuwata ta wuce nan. Gwamnati ce ke da jami'o'in tarayya, ita ke hana su kuɗi, ita kuma ke naɗa shugaban hukumar da za ta zo ta ce sun cika mizani ko ba su cika ba. Sannan a Disambar 2022 aka fito da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda kashi 70 nata daga Abuja yake zuwa, aka bar wa majalisar kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙi amincewa da hakan, kuma ina tare da ita. In manhaja ɗaya ce daga Sakkwato har Kalaba, to mai tantancewa zai zo ne ya duba ko an kwafa daidai.

Farfesa Mai Ritaya:
A nan mun saɓa, Kwamared. Manhajar da aka yi amfani da ita kafin wannan, kusan duka daga hukumar take, kashi 30 ɗin nan ƙari ne aka samu. Kuma malaman jami'o'in ne aka tara suka rubuta ta, ba ma'aikatan ofis ba. A ƙasar da wasu ke buɗe jami'a kamar yadda ake buɗe shago, ina son a ce duk mai digirin harhaɗa magunguna ya san abu kaza da kaza, ko daga ina ya fito.

Inda nake tare da ku shi ne gyaran ziyarar. A riƙa zuwa ba sanarwa bayan an ba da amincewa, ko da sashe ɗaya ne cikin goma, a tsakiyar zangon karatu, a shiga aji a ƙirga kawuna. A yi rajista ɗaya ta malaman jami'o'in ƙasar nan da lambar ɗan ƙasa, yadda suna ɗaya ba zai fito cikakken ma'aikaci a wuri biyu ba. Kuma a wallafa rahoton kwamitin gaba ɗayansa, da jerin malamai da kayan da aka ce an gani, ba sakamako kawai ba. Ɗalibar da ta yi magana ɗazu, da za ta karanta cewa sashenta na da malamai 25, ita ce za ta fara cewa takwas ta sani.

Malamin Kemistiri:
Na yarda da duka ukun, Farfesa. Amma a shirya wa abin da zai biyo baya. In aka yi ziyarar ba-zata da gaske, kwasa-kwasai da yawa za su faɗi, har a manyan jami'o'in tarayya, kuma faɗuwa na nufin rufe ƙofar ɗiba. Kusan yara miliyan 2 ke zana JAMB duk shekara. Gwamnan da aka rufe wa rabin jami'ar jiharsa ba zai yi shiru ba, iyaye ma ba za su yi ba.

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Malam, guraben ba su ne suka yi ƙaranci ba, masu kyau ne suka yi. A watan Agustan 2025 da gwamnati ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantun tarayya na shekara 7, ministan ilimi Tunji Alausa da bakinsa ya ce akwai jami'o'in da ko mutum ɗaya bai neme su ta JAMB ba. Malaman ƙasar nan ba su ƙaru yadda jami'o'in suka ƙaru ba, shi ya sa ake aronsu. In jami'o'i uku a jiha ɗaya kowacce na da sashen nazarin ƙwayoyin cuta, kuma madubi da malaman da ke jihar na sashe ɗaya ne, a rufe biyu a tara kayan wuri guda, a mayar da yaran can. Kuɗin fenti da hayar mota da masaukin malaman kwana biyu da aka kashe a gabana, da madubai aka saya da su, da yarana sun samu na kowane benci.